Mota Ɗaya, Farashi Biyu: Tarihin Musaya da Ciko a Kasuwar Motocin Alfarma

Tarihin da muka ɗauko yau na kasuwa ne.

Duk wanda ya taɓa raka wani sayar da babbar mota ya san wannan abu: mota ɗaya, rana ɗaya, amma farashi biyu. Idan mai ita ya kai wa dila don ya karɓa ya ba shi wata ya yi ciko, za a yi mata kuɗi kaza. Idan kuma ya daure ya nemi mai saye da kansa, hannu da hannu, sai kuɗin ya ɗara haka. A ƙaramar mota tazarar ba ta da yawa. A motar alfarma kuwa, irin su Marsandi da Lexus da Range Rover, tazarar kan isa sayen wata ƙaramar mota sukutum. Yawancinmu mukan ce ai son zuciyar dila ne kawai, mu wuce. Akwai son zuciya a ciki, ba mu musa ba, amma da muka bi sawun al'amarin sai muka tarar ya kai mu Amurka, shekara ɗari baya, inda aka gina wannan tsari gaba ɗayansa.

A farkon zamanin mota babu matsalar tsohuwar mota, domin kusan kowane mai saye sabon shiga ne. Abin da yake da shi a gida doki ne da keken doki. Henry Ford ya fito da Model T a 1908 a kan kusan dala 850, ya yi ta rage farashi har mafi arha daga cikinta ta sauko dala 260 a 1925. Kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi guda miliyan 15. Wannan nasara ita ta haifo matsalar. Zuwa tsakiyar shekarun 1920, mutumin da ya shigo shagon dila ba da ƙafa yake zuwa ba, da mota yake zuwa, kuma tambayarsa ta farko ita ce nawa za a karɓi tasa. Dila da ya ƙi karɓa, maƙwabcinsa zai karɓa ya tafi da cinikin.

Amurkawa ba su ƙirƙiri sabuwar ɗabi'a don wannan ciniki ba, ta cinikin dawaki suka ɗauko suka ɗora a kan mota. Masanin tarihi Steven Gelber ya rubuta littafi guda a kan haka. Mai sayen doki yakan buɗe masa baki ya duba haƙora don ya san shekarunsa, mai sayarwa kuma yana da dabarun ɓoye tsufa da gurgunta. Ana musayar doki da doki a yi ciko, kuma kowa ya yarda cewa wanda aka yi wa wayo kuka da kansa. Shi ya sa har yau a Amurka, ƙasar da ba a taya kaya a kanti, mota kam sai an yi ciniki.

Wanda ya fara mayar da musaya ta zama ginshiƙin kasuwanci shi ne Alfred Sloan, da ya zama shugaban General Motors a 1923. A littafin da ya rubuta bayan ya tsufa ya lissafa abubuwa huɗu da suka sauya kasuwar mota a wancan lokaci: sayarwa bashi a biya kaɗan-kaɗan, karɓar tsohuwa a yi ciko, mota mai rufaffen jiki, da sauya fasalin mota kowace shekara. Idan muka duba da kyau, huɗun nan igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Kamfanin ya kafa reshensa na ba da bashi, GMAC, tun 1919. Ya jera motocinsa kamar tsani, daga Chevrolet a ƙasa, a bi ta Pontiac da Oldsmobile da Buick, har Cadillac a ƙoli. Tsohuwar motarka ita ce kafin alƙalami, ragowar kuɗin bashi ne, sabon fasalin da aka fito da shi bana kuma shi zai sa ka ji motarka ta bara ta tsufa ko da lafiyarta ƙalau. Da haka mutum ke hawa tsanin, kowane mataki yana barin mota a hannun dila. Ford ya daɗe yana ƙin wannan tsari, sai da ya ga tsohuwar Buick mai rufi tana kasawa da sabuwar Model T a farashi ɗaya, sannan ya rufe masana'anta a 1927 ya sake shiri.

Nauyin duk ya sauka a kan diloli. Don su sayar da sabuwa sai su yi wa tsohuwa kuɗin da ya wuce darajarta, daga baya filinsu ya cika da motocin da ba za su mayar da kuɗinsu ba. Da yawa sun karye ta wannan hanya. Abin da kowa ke nema shi ne wani ma'auni da za a ce ga kuɗin mota kaza mai shekara kaza.

Wani matashi ɗan jihar Arkansas mai suna Les Kelley ya buɗe filin tsofaffin motoci a Los Angeles a 1918 da Model T guda uku. Don ya samu kaya sai ya riƙa raba wa sauran diloli da bankuna takarda mai ɗauke da motocin da yake son saye da kuɗin da zai biya. A hankali takardar ta zama abin dogaro: ma'aikacin banki da zai ba da bashi a kan mota sai ya duba nawa Kelley ya ce zai biya. A 1926 ya mayar da ita littafi, Kelley Blue Book. Mu lura da asalin nan, domin yana da muhimmanci. Farashin da Kelley ya fara rubuta wa tsohuwar mota farashin mai saye don ya sayar ne, wato farashin sari. Littafin diloli ne da bankuna da kamfanonin inshora. Sai a 1993 aka fitar da bugu na jama'ar gari, aka sa shi a intanet a 1995. Kusan shekara saba'in ke nan dila na zaune da littafi a aljihun tebur, mai mota na tsaye da zato. Ƙungiyar dilolin Amurka, NADA, ta fitar da nata littafin a 1933, a shekarar da William Glass ya fara nasa a Ingila. Gwamnatin Roosevelt ma ta gwada ƙayyade iyakar abin da dila zai iya yi wa tsohuwar mota a musaya, amma Kotun Ƙoli ta rushe dokar da tsarin ya dogara a kanta a 1935.

Nan ne ya kamata mu tsaya a kan motar alfarma, domin ita ce ta fi kowace shan wuya a wannan kasuwa, kuma babu misalin da ya kai Duesenberg. A ƙarshen 1928 kamfanin ya fito da Model J. Ƙashin motar da injinta kaɗai dala 8,500 ne, jikin kuma sai ka kai wa masu ƙira su yi maka yadda kake so, ka sake biya. Wasu kan kai dala 20,000 idan an gama, a lokacin da sabuwar Ford ke kusan dala 500. Ba a yi guda 500 ba. Sarakuna da taurarin fim ne masu hawanta. Bayan fitowarta da 'yan watanni tattalin arzikin duniya ya durƙushe a 1929, kamfanin ya rufe a 1937, kuma zuwa lokacin yaƙin duniya na biyu ana samun irin wannan mota a kan 'yan ɗaruruwan daloli.

Me ya kayar da ita haka? Ba lalacewa ta yi ba. Attajirin da ya saye ta sabuwa ba ya sayen hawan wani, domin rabin abin da ya biya kuɗin a ce shi ya fara hawa ne, kuma wannan rabin ba ya bin mota zuwa hannu na biyu. Wanda zai saye ta a hannu na biyu kuma aljihunsa bai kai na na farko ba, alhali motar ba ta san an canza mata ubangida ba. Man da take sha bai ragu ba, tayarta ba ta yi arha ba, bakaniken da ya iya ta ɗaya ne a gari, kayan gyara kuma babu tunda kamfani ya mutu. Mai saye na biyu yana cire duk wannan daga tayinsa tun kafin ya buɗe baki. Wannan lissafi bai canza ba har yau. Babbar Marsandi ko BMW mai shekara takwas tana iya saukowa farashin Corolla, amma ranar da na'urar iskar da ke ɗaga ƙafafunta ta mutu, kuɗin gyaran na babbar mota ne cif. Araha ba ta ado, in ji Bahaushe.

Za a iya cewa ai a 2018 an yi gwanjon wata Duesenberg ta 1935, wadda ɗan wasan fim Gary Cooper ya hau, a kan dala miliyan 22. Gaskiya ne. Amma irinta biyu kacal aka yi, kuma ta ɗauki shekara tamanin kafin ta kai nan. Wannan ta bar kasuwar mota ta shiga kasuwar kayan tarihi. Muna faɗa ne saboda kusan duk mai babbar mota yana ji a ransa tasa ma ta daban ce.

Yaƙi ya juya kasuwar na ɗan lokaci. An daina ƙera motocin farar hula a Amurka a Fabrairun 1942, ba a dawo ba sai 1945, har gwamnati ta ƙayyade farashin tsofaffin motoci a 1944. Bayan yaƙi sabuwar mota ta yi wuya, layi ake bi, sai diloli suka samu dama: ba ka samun sabuwa sai ka kawo tsohuwa, kuma kuɗin da suka ga dama za su yi mata. Da motoci suka wadata a shekarun 1950 sai dabarar ta koma wata. Tunda mai saye bai san ainihin farashin da kamfani ya sa ba, sai dila ya ƙara wa sabuwar kuɗi a ɓoye, sannan ya yi wa tsohuwarka tayi mai tsoka. Ka fita kana murna an karɓi motarka da daraja, ba ka san da kuɗinka aka yi maka kyauta ba. Wannan ne ya sa Sanata Mike Monroney na jihar Oklahoma ya kawo dokar 1958 da ta wajabta manna takardar farashin kamfani a gilashin kowace sabuwar mota. Har yanzu da sunansa ake kiran takardar. Dokar ta rage wasan, ba ta kashe shi ba, domin a musaya ciniki biyu ake yi a zama ɗaya, kuma abin da aka ƙara maka a wannan ana iya zare shi a wancan. Adadi ɗaya ne ba ya ƙarya, shi ne cikon da zai fita daga aljihunka.

To idan dila haka yake, me ya hana kowa sayarwa da kansa? Amsar da ta fi shahara wani matashin malamin tattalin arziki ne ya ba da ita, George Akerlof, a wata maƙala da aka buga a 1970 bayan mujallu uku sun mayar masa da ita. A 2001 ya samu kyautar Nobel tare da wasu biyu, kuma wannan maƙala ce babban dalili. Abin da ya ce Bahaushe ya daɗe da faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai mota ya san ko giyarta na fizga da safe, mai saye bai sani ba. Tunda mai saye ba zai iya bambance mai kyau da mai ciwo ba, sai ya yi tayin tsaka-tsaki. Mai mota mai lafiya ya ga tayin ya yi masa kaɗan, ya ce albarka, ya mayar da motarsa gida. Kasuwa ta rage da masu ciwo, mai saye ya ƙara rage tayi, haka abin ke ta zagayawa. Mutumin kirki shi ke biyan harajin ƙaryar wasu. Kuma gwargwadon tsadar gyaran mota, gwargwadon tsoron mai saye, shi ya sa wannan haraji ya fi nauyi a motar alfarma.

Kusan duk abin da aka yi a kasuwar daga nan ƙoƙarin toshe wannan rami ne. A 1972 gwamnatin tarayya ta haramta mayar da maleji baya, aka ƙarfafa dokar a 1986. Daga 1981 kowace mota ta samu lambar shaida mai harafi da lamba 17. A 1984 aka kafa Carfax a jihar Missouri, da farko don kama masu taɓa maleji, daga baya ya zama rumbun tarihin mota: haɗari, ambaliya, yawan waɗanda suka mallake ta. Wanda ya adana takardun duk gyaran da ya yi wa motarsa yanzu yana da abin nunawa, kuma a babbar mota wannan fayil ɗin kuɗi ne.

Sai kuma kamfanonin da kansu suka shigo. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 bayar da motocin alfarma haya ta shekara biyu ko uku ya yaɗu a Amurka. Motocin kan dawo da yawa a lokaci guda, kuma idan aka zube su a gwanjo farashinsu zai faɗi, darajar sunan kamfani ta bi shi. Lexus, wadda Toyota ta fito da ita a 1989, ta fara wani shiri a 1993: a zaɓi masu kyau daga cikin tsofaffin, a bincike su, a gyara, a sayar da garantin kamfani. Sauran masu motocin alfarma duk suka kama wannan hanya. Ga mai sayarwa da kansa wannan ya zama rufi a saman kansa. Motarsa ba za ta kai farashin ta dila mai garanti ba, tunda shi ba shi da garantin bayarwa, ba shi da bankin da zai ba mai saye bashi nan take. A wannan shekarar ta 1993 aka buɗe CarMax a Richmond ta jihar Virginia, da tsarin farashi ɗaya babu tayi, kuma suna sayen motarka ko ba ka sayi tasu ba. Wannan ya raba cinikin nan biyu da aka daɗe ana cakuɗawa, ya ba mai mota adadin da zai riƙe a hannu kafin ya shiga wurin kowane dila.

Da haka farashin ya zama hawa uku, kamar yadda Kelley Blue Book ke nunawa a yau: na musaya a ƙasa, na hannu da hannu a tsakiya, na filin dila a sama. Na ƙasan ba daga iska dila ke ɗauko shi ba. Yana duba abin da irin motar ke yi a gwanjon diloli, kamar na Manheim da aka fara a jihar Pennsylvania a 1945, ya cire kuɗin gyara da wanki da tayoyi, ya cire kuɗin ruwan bankin da ke cin sa kowace rana motar na ajiye, ya cire ribarsa, ya kuma cire wani abu saboda ciwon da bai gani ba. Tazarar da ke tsakanin hawa na ɗaya da na biyu ita ce ladan wanda ya ɗauki wahala da kasada. Idan mai mota ya ɗauka da kansa, tasa ce.

Akwai wani abu da ke rage tazarar a Amurka, wato haraji. A yawancin jihohi, idan ka yi musaya, a kan cikon kaɗai za ka biya harajin saye. Kaliforniya na cikin 'yan kaɗan da ba sa ba da wannan rangwame. Mu ƙaddara, don misali kawai, dila ya taya motarka dala 30,000, kai kuma kana ganin za ka samu 34,000 a waje, harajin jiharku kashi 7 cikin ɗari. Musaya ta rage maka harajin dala 2,100, ke nan tayin dila ya zama 32,100. Tazarar da ka ɗauka 4,000 ce ta koma 1,900. A kan wannan 1,900 ɗin za ka biya kuɗin talla, ka ci gaba da biyan inshora, ka yi makonni kana amsa wayar masu son su ɗana babbar mota su tafi, ka kuma yi hattara da cek na bogi. Wani zai ga ya cancanta, wani ba zai gani ba. A ganinmu, wanda motarsa ke da cikakkun takardu, ba ta taɓa haɗari ba, kuma ba ya cikin gaggawa, shi ne musaya ta fi cuta, domin dila zai yi masa tayin tsaka-tsakin nan na Akerlof. Wanda ya san motarsa na da yoyo kuwa, filin dila ya fi masa kwanciyar hankali.

Sau ɗaya a zamaninmu lissafin ya kife. A 2021 ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ake sa wa motoci ya tsayar da masana'antu, ma'aunin farashin gwanjo na Manheim ya tashi da fiye da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda, diloli suka koma kiran mutane a waya suna roƙon a sayar musu. Bai daɗe ba, farashin ya fara sauka a 2022.

Wannan tarihi yana taɓa mu kai tsaye, domin da yawa daga manyan motocin da ke filayen Kano da Kaduna da Abuja daga ƙarshen wannan tsani suka faɗo. Wasu daga gwanjon diloli, wasu daga gwanjon kamfanonin inshora irin na Copart, inda ake sayar da waɗanda suka yi haɗari ko suka sha ruwa. Su ne tokumbo, su ne 'yan Kwatano, kodayake gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017. Lambar nan mai 17 da aka tsara don Ba'amurke ita ce yaro a Kano ke bugawa a waya ya ga hoton motar ranar da aka yi gwanjonta, gabanta a murƙushe. Hukumar kwastan ma da ita ta koma ƙiyasta kuɗin fito a 2022.

Abin da ba mu gada ba shi ne littafin. A nan farashi yana bakin dillalai, yana bin dala da kuɗin fito. Rangwamen harajin musaya babu shi a cinikin da muka saba, hannu da hannu kuma da wuya ya zama mutum biyu kawai, akwai dillali mai la'ada, wani lokaci har da wanda ya ɗora nasa a kai ba tare da sanin mai mota ba. Muna kuma da namu hawan: mota ɗaya, shekara ɗaya, amma tokumbo daban, wadda aka yi wa lamba aka hau a gida daban. Sannan faɗuwar naira ta rikita ma'aunin baki ɗaya. Kafin Yunin 2023 dala na kusan naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya sayi babbar mota a 2022 ya hau ta shekara biyu, an taya ta a 2024 da kuɗin da ya fi wanda ya saya, ya ce ya ci riba. Da ya nuna wadda yake so a madadinta aka faɗa masa ciko, sai ya karɓi makullinsa ya koma gida da ita.